Kwana Tara a Kan Hanyar Arnhem

Sojan da ya diro daga sama da laima, abin da ke rataye a jikinsa shi ne iyakar arzikinsa: bindiga, harsasai, 'yan gurneti, da guzurin da bai wuce na kwana biyu ba. Ba tankar yaƙi a bayansa, ba babbar igwa, ba motar da za ta biyo shi da ƙarin kaya. Ƙarfinsa duka yana cikin faɗowa ba zato ba tsammani. Da zarar abokan gaba sun wartsake daga firgita sun kirawo motocinsu masu sulke, lokaci ya koma hannunsu, shi kuwa sai ƙidayar sa'o'i, yana kasa kunne ko zai jiyo ƙugin tankokin 'yan'uwansa. Wannan lissafi na sa'o'i shi ya yanke hukuncin yaƙin da aka gwabza a ƙasar Holan daga 17 zuwa 25 ga Satumban 1944, lokacin da sojojin ƙawance suka yunƙura su ƙwato ƙasar daga hannun Jamus, su kuma tsallake kogin Rhine a hari guda.

A ƙarshen Agustan shekarar kowa gani yake yaƙin Hitila ya zo gangara. An ƙwato Paris ranar 25 ga Agusta, Brussels ranar 3 ga Satumba, washegari kuma Antwerp. A Holan, ranar 5 ga wata jita-jita ta bazu cewa sojojin Ingila sun shigo. Mutane suka fito bakin titi da furanni, 'yan koren Jamus suka cika tashoshin jirgin ƙasa suna neman tserewa. Ba wanda ya zo. Mai da harsashi ne suka tsayar da rundunonin ƙawance, domin har lokacin daga gaɓar Normandy ake ɗauko kusan komai a manyan motoci, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Tashar jiragen ruwa ta Antwerp, wadda ita ce maganin matsalar, ta shigo hannu lafiya lau, amma mashigin Scheldt da jirage za su bi su isa gare ta yana hannun Jamusawa. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a share mashigin tukuna. Fil Mashal Bernard Montgomery kuwa idonsa na arewa. So yake ya zagaye ganuwar da Jamus ta gina a iyakarta ta yamma, ya faɗa yankin masana'antu na Ruhr, a gama yaƙi kafin shekara ta ƙare. Ranar 8 ga Satumba rokokin V-2 na farko suka faɗa Landan, kuma daga Holan aka harbo su, sai matsin lamba ya ƙaru. Ranar 10 ga wata Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, ya amince da shirin Montgomery. Mako ɗaya tak aka bayar na shiri.

Ga yadda aka tsara. Daga iyakar Beljiyam zuwa garin Arnhem akwai hanya ɗaya ta kimanin kilomita 100, tana ratsa koguna uku manya, Maas da Waal da Rhine, da hanyoyin ruwa da aka haƙa. Sojojin laima za su sauka su kama gadojin, tankoki su biyo ta ƙasa su haɗe su. Rundunar Amurka ta 101 ƙarƙashin Maxwell Taylor ta ɗauki yankin Eindhoven, ta 82 ƙarƙashin James Gavin ta ɗauki Grave da Nijmegen, sannan runduna ta ɗaya ta sojojin laimar Birtaniya ƙarƙashin Roy Urquhart, tare da birged ɗin 'yan Folan na Janar Stanislaw Sosabowski, aka ba su gada ta ƙarshe, ta Arnhem. Ɓangaren sama aka sa masa suna Market, na ƙasa Garden. Na ƙasan yana hannun Janar Brian Horrocks, mai motoci kusan 20,000, waɗanda aka ce su isa Arnhem cikin kwana biyu zuwa uku. Gadojin nan tamkar duwatsun carbi suke a zare ɗaya: ko ina zaren ya tsinke, an rasa carbin. Hanyar kuma ƙunci gare ta, da ƙyar mota biyu ke giftawa, a wurare da yawa tana bisa tudu ne, dama da hagu fadama ce da tankar yaƙi ba ta iya takawa.

An yi gargaɗi, kuma ba daga baki ɗaya ba. 'Yan gwagwarmayar ɓoye na Holan sun aiko da labarin motoci masu sulke a dazuzzukan da ke kusa da Arnhem, masu fassara saƙonnin sirrin Jamus ma sun hango haka. Rundunoni biyu ne na SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar Hitila, ta 9 da ta 10, ƙarƙashin Janar Wilhelm Bittrich, aka kawo su wurin su huta bayan dukan da suka sha a Normandy. Gaskiya ne sun rame ƙwarai, tankokinsu 'yan kaɗan ne. Amma tsofaffin hannu ne, an kuma taɓa koya musu takamaimai yadda ake murƙushe sojojin laima. Wani matashin jami'in leƙen asiri, Manjo Brian Urquhart (ba danginsu ɗaya da Roy ba), ya nace wa shugabansa Janar Frederick Browning, jagoran ɓangaren sama, a kan wannan haɗari. Aka ce gajiya ce ke damunsa, aka tura shi hutun rashin lafiya. Eisenhower kansa ya aiki shugaban ma'aikatansa, Walter Bedell Smith, wurin Montgomery da irin wannan magana, ya dawo ba a canza komai ba. In kunne ya ji jiki ya tsira, amma a wancan makon manyan hafsoshi sun riga sun ga nasara a ransu, duk mai kawo labarin da ya saɓa mata sai a ɗauke shi matsoraci.

Ko ba tankokin SS, shirin saukar da kansa yana da rauni. Jiragen ba su isa kwashe kowa lokaci guda ba, shugabannin sojan sama kuma suka ƙi yarda a yi sawu biyu a rana, don haka aka raba saukar kwana uku. Saboda tsoron bindigogin kakkaɓo jirage, aka zaɓi filayen saukar Arnhem a nisan kilomita 10 zuwa 13 daga gadar. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, kusan rabin waɗanda suka sauka ranar farko dole su tsaya gadin fili don na gobe, sauran kuma su taka da ƙafa na sa'o'i kafin su ga abin da suka zo kamawa. Ba-zatan da shi ne jarin sojan laima, an kashe shi a hanya. Browning kuma ya ware jirage 38 na katako, irin marasa injin nan da ake ja da igiya, don su kai hedikwatarsa kusa da Nijmegen, a ranar da kowane jirgi ke da nauyin rai.

Ranar Lahadi 17 ga Satumba da rana tsaka, sararin sama ya cika da jirage. Kimanin mutum 20,000 suka sauka a ranar, mafi yawansu lafiya, abin ya zo da sauƙi har ya ba su mamaki. Fil Mashal Walter Model, babban kwamandan Jamus a yankin, yana zaune a wani otal a Oosterbeek, tazara kaɗan daga filayen. Ya tashi a gurguje ya nufi wurin Bittrich, kafin magariba umarni ya fita: runduna ta 9 ta tare hanyar shiga Arnhem, ta 10 ta gangara ta riƙe Nijmegen. Da ƙarfe biyu da minti 35, can kudu a Neerpelt, tankokin Irish Guards na rundunar Horrocks, ƙarƙashin Laftanar-Kanar Vandeleur, suka ɗaga a jere, bayan igwa ɗaruruwa sun yi ruwan wuta. Ba su yi nisa ba Jamusawan da suka laɓe a gefen hanya suka ƙone tankoki tara. Sai da jiragen Typhoon suka sauko da rokoki, dakaru suka bi daji suka kakkaɓe su, aka ture gawarwakin tankokin gefe, kana aka ci gaba. Dare ya riske su a Valkenswaard, tafiyar da ba ta wuce kilomita 11 ba. A Son kuma Jamusawa sun tarwatsa gadar a kan idon Amurkawan da suka zo kama ta. Washegari aka shiga Eindhoven, jama'a suka cika tituna da murna har motoci suka kasa motsi. Injiniyoyi suka kwana suna haɗa gadar ƙarfe a Son, sai da asubahin 19 ga wata tankoki suka haye. A daren ranar jiragen Jamus suka yi wa Eindhoven luguden bama-bamai, suka kashe mazauna garin fiye da 200.

A Arnhem, bataliya uku suka nufi gada ta hanyoyi uku. Biyu suka ci karo da shingen Jamusawa suka maƙale. Ta ukun, bataliyar Laftanar-Kanar John Frost, ta bi bakin kogi ta sulale, da dare ta kama gidajen da ke bakin gadar ta arewa. Duk da waɗanda suka riske su daga baya, ba su wuce mutum 750 ba. Na'urorin oba-oba suka ƙi aiki yadda ya kamata a cikin itatuwa da gine-gine. Janar Urquhart ya fita da kansa neman labari, faɗa ya rutsa da shi, ya shafe sa'o'i masu yawa a ɓoye a saman wani gida, rundunarsa ba ta san inda yake ba. Da safiyar 18 ga wata wani kwamandan SS, Viktor Gräbner, ya taso daga kudu da jerin motoci masu sulke, ya yi nufin ratsa gadar da gudu. Mutanen Frost suka bari suka shigo tsakiya, suka buɗe musu wuta daga tagogi da ƙananan igwa da bindigar harbin tanka ta kafaɗa mai suna PIAT. Motocin suka ƙone a kan gadar, Gräbner ya mutu a wurin. Daga nan Jamusawa suka sauya salo: suka kawo tankoki da igwa suna rusa gidajen ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, suna cinna musu wuta. Ranar 19 bataliya huɗu suka yi ƙoƙarin kutsawa su kai wa Frost ɗauki ta wajen asibitin Saint Elisabeth, aka ragargaza su tsakanin kogi da layin dogo.

A ganina ba a Arnhem aka rasa wannan yaƙi ba, a Nijmegen ne. Bayan sun haye Son, tankokin Horrocks sun yi gudu sosai, suka wuce gadar Grave da Amurkawa suka kama tun ranar farko, suka isa Nijmegen ranar 19, sun rama mafi yawan lokacin da suka ɓata. Da babbar gadar kogin Waal tana hannu, da abin da ya rage musu bai kai kilomita 20 ba, kuma Frost yana nan a tsaye. Amma gadar ba ta hannu. Browning da Gavin sun fifita tsaunukan Groesbeek, suna tsoron hari daga dajin Reichswald da ke kan iyakar Jamus. A sa'o'in farko na ranar Lahadi masu gadin gadar 'yan tsiraru ne. Da aka tura sojoji cikin dare, SS sun riga sun iso sun kafa sansani a bakinta. Abin da kamfani ɗaya ko biyu za su iya ɗauka da la'asar, sai ya ci kwana uku da jinin ɗaruruwan mutane.

Ranar Laraba 20 ga wata aka yi abin da ya fi komai ban tsoro a yaƙin. Gavin ya yanke shawarar a tsallake Waal da rana kata, a kama gadar ta baya. Kwale-kwalen da za a yi amfani da su suna can cikin cunkoson motoci a hanya, aka yi ta ɗage lokaci har ƙarfe uku na yamma. Da suka iso, 26 ne kacal, na tamfol da katako, abin tuƙin ma bai wadata ba, wasu da gindin bindiga suka yi tuƙi. Bataliyar Manjo Julian Cook ta shiga kogi mai faɗin fiye da mita 300 da igiyar ruwa mai ƙarfi. Tankokin Birtaniya suka jeru a gaɓa suna harba hayaƙin kariya, iska ta kwashe shi, Jamusawa suka same su a fili. Kusan rabin kwale-kwalen ne suka iya dawowa ɗaukar sawu na biyu. Waɗanda suka kai gaci suka ruga cikin fili suka kutsa ramukan Jamusawa, suka kama bakin gadar jirgin ƙasa, suka nufi ta mota. Amurkawa 48 suka mutu a wannan tsallakawa. A daidai lokacin Grenadier Guards da wata bataliyar Amurka suka fasa tsaron kudu, da magariba tankoki huɗu ƙarƙashin Saje Peter Robinson suka hau gadar da gudu, biyu suka kai ƙetare nan take. Janar Heinz Harmel na SS, wanda ke kallo daga arewa, ya ba da umarnin a tayar da nakiyoyin da aka ɗaura wa gadar, ba su tashi ba.

Sai tankokin suka tsaya a ƙauyen Lent. Amurkawan da suka bar 'yan'uwansu a cikin kogi suka fusata matuƙa, kuma har yau ana muhawara a kan wannan tsayuwa. Fushinsu abin fahimta ne, amma ban ga adalci a ɗora laifin kan matuƙa tankokin ba. Dare ya yi. Tankokin da suka haye ba su kai a kira su runduna ba. Dakarun da ya kamata su raka su suna can cikin Nijmegen suna faɗa gida-gida, wasu kuma an ara wa Gavin su don tare harin da ya taso daga Reichswald. Hanyar da ke gabansu a kan tudu take, duk tankar da ta hau ana hango ta daga nesa, ba ta iya kaucewa ko dama ko hagu. Da Irish Guards suka gwada washegari da rana, igwa 'yan kaɗan suka tsayar da su kafin Elst. Tanka ba ta tafiya ba dakaru, kamar yadda sojan laima ba ya daɗewa ba tanka. Wanda ya tsara yaƙin da zai raba su a kan hanya ɗaya shi ke da amsar bayarwa.

A daren 20 ga wata ne ma aka gama da Frost. An ce ya riƙe gadar kwana biyu, ya riƙe kwana uku da dare huɗu. Shi kansa ya ji rauni a ƙafafu, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun cika da masu rauni, gidajen da ke kansu na ci da wuta. Aka tsagaita wuta Jamusawa suka kwashe majinyata, da safiyar 21 ga wata harsashin sauran ya ƙare. Gadar ta buɗe wa tankokin Jamus su gangara kudu.

Ragowar rundunar Urquhart suka dunƙule a Oosterbeek, kewaye da otal ɗin Hartenstein, bayansu na kogi. Kayan da jirage ke jefo musu mafi yawa a hannun Jamusawa suke faɗawa, domin filayen da aka tsara sun kuɓuce, kuma ba hanyar sanar da matuƙa. Ruwan sha ya yanke. Manjo Robert Cain ya yi ta farautar tankoki da PIAT har dodon kunnensa ya fashe. Mutanen garin suna tare da su a ciki. Wata mata, Kate ter Horst, ta buɗe gidanta aka cika shi da masu rauni, ga 'ya'yanta ƙanana a ƙarƙashin ƙasa. Hazo a Ingila ya riƙe 'yan Folan har 21 ga wata. Da suka sauka a Driel, kudu da kogi, jirgin fiton da aka dogara da shi babu shi. Cikin dare biyu, da ƙananan kwale-kwalen roba, 'yan ɗaruruwa kaɗan suka iya hayewa. A baya kuma Jamusawa sun datse hanyar kusa da Veghel ranar 22, suka sake datse ta ranar 24, sai da Horrocks ya juyo da tankoki baya don buɗe ta. Daren 25 ga wata, cikin ruwan sama, sojojin suka naɗe takalmansu da tsumma suka bi farin ƙyalle zuwa gaɓa, injiniyoyin Birtaniya da Kanada suka yi ta fito da su har gari ya waye. Kimanin 2,400 suka tsira. Daga mutum fiye da 10,000 da suka sauka, kusan 1,500 sun mutu, sama da 6,000 sun shiga hannu, ciki har da likitocin da suka zaɓi zama da majinyatansu.

Labarin yakan tsaya a nan a littattafan soja, alhali a nan na mutanen Holan ya fara. A ranar da aka fara harin, gwamnatinsu da ke gudun hijira a Landan ta kira yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa don a gurgunta sufurin Jamus, ma'aikata kusan 30,000 suka amsa suka ɓuya. Jamusawa suka rama da hana shigar da abinci yammacin ƙasar. Ko da aka sassauta, sanyi ya daskarar da hanyoyin ruwa, gawayi ya ƙare. A Amsterdam da Rotterdam da Hague mutane suka koma cin gwozar sukari da saiwar furanni, suna cire katakon gidaje suna hura wuta. Kimanin mutum 20,000 yunwa da sanyi suka kashe a wannan hunturu. Mazauna Arnhem, kusan 100,000, an kore su daga garin baki ɗaya, aka wawashe gidajensu aka kai kayan Jamus. Eindhoven da Nijmegen sun sami 'yanci a Satumba, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma Arnhem sai Afrilun 1945, yammacin ƙasar kuwa sai da Jamusawa suka miƙa wuya ranar 5 ga Mayu. Tashar Antwerp da aka tsallake saboda gaggawa, jirgi bai shiga ba sai ƙarshen Nuwamba, bayan sojojin Kanada sun sha baƙar wahala a mashigin Scheldt. Sauri ya haifi nawa.

Montgomery ya ce an ci nasara kashi 90 cikin 100. Ban san yadda za a faɗa wa wanda ya binne ɗansa a hunturun yunwa wannan lissafi ba. Sojojin kansu ba su yarda da shi a aikace ba: da aka zo tsallake Rhine da gaske ranar 24 ga Maris 1945, an sauke sojojin laima dubbai a sawu ɗaya, dab da inda ake so su kama, cikin nisan da igwar 'yan'uwansu ke kaiwa, kuma bayan sojojin ƙasa sun riga sun fara hayewa. Duk abin da aka ƙi ji a Satumba, an yi aiki da shi a Maris.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda aka kai laifin. Sosabowski tun kafin a tashi ya faɗi ƙarara cewa ana raina Jamusawa, a taron da aka yi a Valburg ranar 24 ga wata kuma ya nemi a yi babbar tsallakawa da runduna guda maimakon a riƙa tura mutane kaɗan-kaɗan suna hallaka. Bai iya lallashi ba, kuma baƙo ne da ƙasarsa ba ta da murya. Browning ya rubuta rahoton suka a kansa, Montgomery ya zargi birged ɗinsa da rashin kataɓus, a watan Disamban 1944 aka cire shi daga muƙaminsa. Bayan yaƙi 'yan gurguzu suka karɓi mulki a Folan, bai iya komawa gida ba. Janar guda ya ƙarasa rayuwarsa yana aikin leburanci a wata masana'anta a Landan, ya rasu a 1967. Mutanen Driel ba su manta da 'yan Folan ba, sun yi shekaru suna fafutukar a wanke sunansu. A shekarar 2006 Sarauniya Beatrix ta ba birged ɗin lambar yabon soja mafi girma ta ƙasar Holan, shi kuma Sosabowski aka miƙa wa jikokinsa tasa lambar.